Kwamitin Gadar Rafinmu

Ƙauyenmu yana ƙasar Makarfi, ta wajen Dandamisa, kuma abin da muka tashi muka tarar shi ne rake. A shekarun da Turawa suka miƙa mulki ina da gona a fadama, da injin matse rake wanda doki ke juyawa, da kasake na dafa mazarƙwaila. Ina da mata da yara ƙanana. Ba zan ce ina da arziki ba, amma ban taɓa kwana ina tunanin abin da za a ɗora gobe ba.

Abin da ya dame mu duka shi ne rafi. Gari da fadama suna gefe guda, hanyar mota tana ɗaya gefen. Da rani ruwansa bai kai gwiwa ba, sai dai gaɓarsa tana da zurfi, mota ba ta iya gangarawa. Da damina kuwa yakan cika ya tumbatsa, mu zauna kamar an kulle mu. Mazarƙwaila sai a jaki ko a ka, a kai bakin hanya a jira. Mai naƙuda idan abin ya yi tsanani, a kan ƙyauren ƙofa ake ɗaukarta a haye da ita.

Bayan an samu 'yancin kai magana ta yi yawa a kan cewa kowane gari ya tashi ya taimaki kansa, hukuma za ta ƙarasa masa. Dagacinmu ya kafa kwamiti don a yi gada. Akwai baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne Sarkin Noma. Akwai wani Alhaji da ke saye mazarƙwailarmu yana kaiwa Zariya da Kano. Akwai maƙerin garin, da Arɗon Fulanin da ke zaune bayan fadama, da wasu dattawa. Ni aka sa a madadin masu injin rake, kuma ni ne ƙarami a cikinsu.

Shekarar farko ba mu yi komai ba sai zama. Za a ce a haɗu da hantsi a zauren dagaci, rana ta take ba a cika ba. Duk wanda ya shigo sai ya bi mutane ɗaya ɗaya da gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jiki, ya tambayi gona, su ma su mayar masa. A fasa goro. Wani ya ɗauko maganar gada, wani ya ce kafin gada a duba shanun da suka shiga masarar wane. Arɗo ya ce ba nasa ba ne. Daga nan a faɗa rigimar iyakar gona da aka yi tun zamanin kakanni. Ana cikin haka ladan ya kira azahar, a kakkaɓe riguna, a ce Allah ya kai mu wani makon. Ni ban taɓa buɗe baki ba. Ga baffana a zaune, me zan ce?

A shekara ta biyu wani ɗan garinmu ya dawo gida. Ya daɗe yana aikin reluwe, ya zauna a tashoshi da yawa, har ya yi ritaya. Tsoho ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya dariya da ƙarfi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Zariya. Kowa Baba yake ce masa. A lokacin garin ya fara rabuwa tsakanin jam'iyyar da ke mulki da ta adawa, shi kuwa da yake bai daɗe da dawowa ba, babu wanda ya san inda ya karkata. Don haka ne dagaci ya roƙe shi ya riƙe kwamitin, kowane ɓangare ya yarda.

Ranar da ya fara, mun iske ya shimfiɗa tabarmi a cikin zaure, shi kuma yana tsaye a ƙofa. Ya ce kowa ya tsaya a waje a gaisa tukuna. Aka gaisa har aka gaji. Da muka shiga muka zauna sai ya ce, "Gaisuwa haƙƙi ce, ban hana ta ba, shi ya sa muka yi ta a waje muka ƙoshi. Nan ciki magana ɗaya ta kawo mu. Yau ina so mu tashi mun san inda za a kafa gadar, shi ke nan."

Ya bayyana sauran tsarinsa a hankali. Zai riƙa aikawa tun ranar kasuwa a gaya wa kowa maganar da za a yi, don mutum ya yi tunaninta a gida. Kowa zai yi magana sau ɗaya, ba a katse shi. Wanda ya zo da wata damuwa dabam ya faɗe ta a ƙarshe, a sa mata rana. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne da ya ce ƙarami ne zai fara, babba ya rufe. Baffana ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, yaro ya riga ubansa magana. Baba ya amsa masa da ladabi, ya ce idan babba ya fara, ƙarami ba shi da abin faɗa sai "haka ne," to me ya sa aka wahalar da shi aka kira shi? Dagaci ya ce a gwada a gani.

Haka aka juyo aka dube ni. Na sunkuyar da kai na ce, a gafarce ni, ni a ganina wurin dutsen nan da ke sama da mashaya ya fi, don rafin ya tsuke a nan, kuma ƙasan ba yashi ba ne. Na san haka domin nan nake bi da dokina. Maƙeri ya goyi bayana. Arɗo ya ce shanunsa ma nan suke bi idan ruwa ya yi yawa. Alhaji ya fi son mashaya saboda ta fi kusa da rumfarsa, baffana ya bi shi. Da kowa ya gama, Baba ya maimaita abin da kowane mutum ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, sannan ya tambayi inda aka fi rinjaye. Wurin dutse ya ci. Ya faɗi wanda zai nemo magini, da wanda zai yi wa samari shelar gayya. Muka fito rana ba ta ko yi zafi ba. Na tuna mun tsaya a ƙofar zauren muna kallon juna, ba mu san abin da za mu yi da sauran safiyar ba.

A wannan rani aka yi aiki irin wanda ban sake gani ba a garinmu. Zama ɗaya aka yi a kan dutse, ɗaya a kan yashi, ɗaya a kan abincin 'yan gayya. Samari suka fasa dutse, jakuna suka yi jigila, mata suka dama kunu suka kai bakin rafi. Fulani suka ba da bijimi aka sayar aka sayi siminti. Magini ya zo daga Hunkuyi ya zauna a gidan baffana. Kafin ruwan farko ginshiƙai biyu sun tashi, ɗaya a kowane gefe, sun fi tsayin mutum. Mutanen Likoro da ke wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya su duba. Ni kaina na fara lissafin ƙara gona, tunda mota za ta riƙa zuwa har bakin fadama.

Abin da ya rage shi ne manyan ƙarafan da za a gitta a kan ginshiƙan kafin a jera katako. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai hukuma. Baba ya je birni ya dawo, ya sake komawa. Kowane zuwa a ce masa an ji, ana dubawa. Damina ta shiga ta fita. Yakan kira zama ya gaya mana abin da aka ce masa ba tare da ya yi masa kwalliya ba, mu tashi.

Sai zaɓe ya gabato. Wani mai neman kujera a jam'iyyar da ke mulki ya zo garin da mota da maroƙa, ya sauka a gidan Alhaji. Ba a kira kwamiti ba, amma kafin magariba kowa ya ji abin da aka tattauna. Ya ce ƙarafa suna nan a ajiye, kalmarsa kawai ake jira. Sai dai ba zai sa baki a aikin da ɗan adawa ke cikin shugabanninsa ba. Maƙeri yake nufi. Kowa ya san maƙeri yana tare da 'yan adawa, a maƙerarsa suke taruwa da yamma, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Zaman da ya biyo baya an sanar tun ranar kasuwa cewa a kan katako ne, wane itace za a sara, wa zai yi magana da masu zarto. Na yi magana, na ambaci maɗaci. Aka zagayo kan Alhaji, sai ya ce shi ba katako ne a ransa ba, akwai abin da ya fi katako, kuma kowa ya san shi.

Baba ya ce, "Alhaji, yau katako muka zo yi. Idan akwai wata magana, ka faɗe ta a ƙarshe mu sa mata rana."

Alhaji ya ce, "Baba, katako a kan me za a ɗora shi? A kan iska?"

Baba ya ce ya ji, amma tsari tsari ne, kuma ba zai yarda a tattauna mutum yana zaune ba tare da an gaya masa tun da wuri ya shirya amsarsa ba. Aka gama maganar katako, aka tsayar da maɗaci, aka tashi da wuri kamar kullum. A ƙarshe babu wanda ya ɗaga wata magana. Ina ganin Baba ya ɗauka abin ya wuce.

Bai wuce ba, wuri ya sauya. Daga ranar aka fara wani zaman a gidan Alhaji bayan la'asar, da shayi da goro, babu Baba, babu maƙeri, babu ni. Can ake doguwar magana, a ja, a sasanta. Baffana yana zuwa. Dattawan nan suna zuwa. Ranar da aka sa maganar maƙeri a zauren dagaci, an riga an dafa ta an sauke.

Baba ya bi tsarinsa sarai. Ya aika wa maƙeri tun da wuri. Aka gaisa a waje, aka shiga. Ni na fara. Na ce ban ga laifin da maƙeri ya yi wa gada ba, shi ya ƙera mana guduma da dagi bai karɓi ko kwabo ba, kuma idan ƙarafan sun zo shi ne zai ɗaure su. Maƙeri ya ce shi ba shi da abin faɗa, jam'iyyarsa tasa ce, gada ta kowa ce. Arɗo ya ce shi baƙo ne a rigimar gari, ba zai ce a cire ba, ba zai ce a bari ba. Sauran kuwa kowa ya faɗi kalma biyu uku, duk iri ɗaya, cewa a yi haƙuri, maslahar gari ta fi ta mutum ɗaya. Baffana ne ya rufe, bai dube ni ba.

Baba ya maimaita abin da kowa ya ce kamar yadda ya saba. Muryarsa ba ta canza ba. Ya ce rinjaye ya nuna a cire. Sannan ya ce shi a karan kansa bai yarda ba, yana so a san haka, amma ba zai karya abin da shi ya kafa ba don yau bai yi masa daɗi ba. Maƙeri ya tashi ya ɗauki takalmansa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Wannan zaman ya fi kowane gajarta.

Baffana ya daina amsa gaisuwata sai da kai, har kaka ta wuce. Matata ta sha zuwa gidansa tana ba shi haƙuri a kan abin da ba ta san kansa ba.

Aka yi zaɓe, mutumin ya ci. Ƙarafa ba su zo ba. Da farko aka ce bayan rantsuwa. Daga baya aka ce motar da za ta ɗauko su ta lalace. Daga baya muka ji an kai wasu ƙarafa wani gari ta wajen Ikara, ba mu san ko namu ba ne. Alhaji ya je ya ga mutumin, ya dawo yana cewa a ƙara haƙuri, har shi ma ya daina cewa komai.

Baba bai daina kiran zama ba. Yana aikawa ranar kasuwa, yana shimfiɗa tabarmi, yana tsayawa a ƙofa. Amma zaman ya zama kamar kwanon da aka wanke aka kife. A shiga, a faɗi magana, kowa ya ce "duk yadda aka yi daidai ne," a fito. Arɗo ya fara aiko da uzuri, daga baya ya daina aikowa, a ƙarshen wannan shekarar ma suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Samarin da suka fasa dutse suka fara yi mana ba'a a kasuwa, suna tambaya ko a ginshiƙan za mu riƙa shanya barkono. Na taɓa tambayar Baba, muna dawowa daga masallaci, ko bai ga gara a bari ba. Ya ce, "Ɗana, idan na daina kira, ranar da ƙarafan suka zo wa za su tarar?"

Ginshiƙin da ba a ɗora masa komai ba, ba ya daɗewa. Magini ya gaya mana haka tun farko, ya ce nauyin gada ne ke riƙe su da juna. A damina ta uku da gina su aka yi wani ruwa kwana da yini, rafin ya ci gaɓar da ke bayan ginshiƙin gefenmu. Da safe muka je muka tarar ya kwanta a cikin ruwa, ya rabu gida-gida. Mutane suka tsaya a gaɓa suna kallo. Babu wanda ya yi salati da ƙarfi ma. Wata tsohuwa da ta dama kunun gayya ta ce ita dai ƙwaryarta da ta fashe a wurin take tunawa.

A kakar wannan shekarar na kai dokina ƙetaren rafi, gidan surukina, ya juya masa injin rake na 'yan kwanaki don nasa ya yi rashin lafiya. A dawowa ruwan bai gama janyewa ba, kuma ya yi duhu da laka. Na bi ta wurin dutse kamar yadda na saba tun ina saurayi. Ban san duwatsun ginshiƙin sun baje har tsakiya ba. Ƙafar dokin ta gaba ta shige tsakanin duwatsu biyu, ya yunƙura, na ji ƙarar. Da ƙyar muka fito da shi da igiya. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ɗaure, amma ya gaya mini gaskiya, doki ba ya tashi daga irin wannan. Ya kwanta a bakin rafin yana nishi, ina kai masa ruwa da dusa, har ya mutu.

Rakena ya nuna a gona babu abin matsa shi. Na nemi aron doki, kowa nasa yana aiki. Na sayar da raken a tsaye ga Alhaji a yadda ya ga dama. Shekara ta gaba na sayar da injin, daga baya kasaken. Na koma ina yi wa wasu dahuwa ana biyana da yini.

Da sojoji suka karɓi mulki aka ce an hana siyasa, ɗan majalisar nan ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. Baba ya ga kamar dama ta samu. Ya taka da kansa har maƙera, ya roƙi maƙeri ya dawo. Ina wurin. Maƙeri ya ajiye guduma, ya ba shi wurin zama, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Baba, ni ban riƙe ka a zuciya ba. Amma a gabanka aka yi, kuma kai ka faɗi sakamakon da bakinka. Ba zan iya sake zama a kan tabarmar nan ba."

Duk da haka Baba ya aika ranar kasuwa cewa za a zauna a kan yadda za a kwashe duwatsun da suka zube, kada su sake karya wata dabba. Na je. Na tarar da shi a ƙofar zaure. Muka gaisa. Muka jira har inuwar bango ta janye daga kanmu. Dagaci ya leƙo ya ce yana da baƙi daga wurin hakimi, ya koma ciki. Baffana ya wuce da fartanya a kafaɗa, ya ɗaga hannu daga nesa. Baba ya ce mu shiga. Muka zauna mu biyu a kan tabarmi da aka shimfiɗa wa mutane da yawa. Ya faɗi maganar da ta kawo mu, ya dube ni. Na ce ni da ƙanena za mu kwashe abin da za mu iya idan ruwa ya ƙafe. Ya ce to, an tsayar. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai da na kama shi. Na naɗe tabarmin na jingine su a lungu.

Mun kwashe ƙananan. Manyan sun fi ƙarfin mutum biyu, muka bar su.

Ba a daɗe ba ciwo ya kama Baba, ɓarin jikinsa ɗaya ya saki, magana ta yi masa wuya. 'Yarsa ta zo da mijinta suka tafi da shi Zariya. Ni ma ban ƙara shekara a garin ba. Na kwashe iyalina muka koma Kudan, na shiga awon hatsi a rumfar wani, ina bin kasuwanni. Na yi niyyar zuwa duba Baba, kullum sai wani abu ya gitta.

A kasuwar Ikara na ji ya rasu. Wani mai sayar da goro ɗan garinmu ne ya faɗa mini a tsakiyar wata hira, yana zaton na sani, har an yi sadakar arba'in. Mako na gaba na hau mota na je Zariya don in yi wa 'yarsa ta'aziyya. Unguwar kawai na sani. Na yi ta tambaya daga wannan lungu zuwa wancan, ina cewa gidan da wani tsohon ma'aikacin reluwe ya rasu. Aka nuna mini gida biyu, duk ba su ba ne. Wani mai shago ya ce yana jin sun tashi, mijin an yi masa canjin wurin aiki, bai san ina ba. Na yi la'asar a wani masallaci na bakin hanya, na yi masa addu'a a nan, na nemi motar komawa.